Tambayoyi Uku a Bayan Bargo

Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifiyata tana da rai, kuma ta sha kunyata har ta ƙoshi. Ni mutumin Gusau ne. Tun ina ƙarami Allah ya ba ni baki. A makarantar Islamiyya ni ake tsayarwa in yi jawabi idan an yi baƙi, kuma Larabci yana shiga kaina ba tare da na wahala ba. Da aka ba ni gurbin karatu a Masar, unguwarmu kaf ta rako ni tasha, kowa yana cewa malami zai dawo. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

A Alƙahira na sauka a unguwar Arba wa Nus, ɗaki ɗaya mu da yawa, abincinmu wake da burodi safe da yamma. Shekarar dubu biyu da goma sha ɗaya gari ya rikice, makaranta yau a buɗe gobe a rufe, ɗan tallafin da ake aiko mana daga gida kuma ya yi ɓatan dabo. A nan ne wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya ce in raka wata mata asibiti, ta zo daga Kano neman magani kuma ba ta jin Larabci. Na raka ta, na fassara mata abin da likita ya ce, ta yi min ihsani. Aiki ne na halak, ɗalibai da yawa da shi suke rufa wa kansu asiri, kuma har yau akwai masu yin sa tsakaninsu da Allah.

Ni dai ban tsaya a nan ba. Na lura cewa mara lafiya idan ya sauka a ƙasar da ba ya jin yarenta, kunnensa da bakinsa duk suna hannun tafinta. Na fara da abu kaɗan. Dillalin gidaje, wanda a can ake ce wa simsar, ya ce duk wanda na kawo masa ya kama haya ina da kasona. Mai kantin magani ma haka. Sai na fara ƙara wa magani farashi a tsakanin bakin mai kanti da kunnen mai saye. Ko yaji da daddawar da Innata take aiko min ta hannun matafiya, sayar wa marasa lafiyar nake yi, in ce daga kasuwar Ataba na samo da kyar. Aji kuwa na daina zuwa, na sayi takalma masu tsini, ina yawo a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, da waya biyu. Idan zuciyata ta motsa, sai in ce da ita ai ni ma an cuce ni, hukuma ta manta da mu, kawuna ya cinye gadonmu. Na iya wannan karatun fiye da duk wanda ya kai ni Masar.

A shekara ta gaba aka haɗa ni da Malam Iro, manomin auduga daga Malumfashi, dattijo mai ciwon hanta. Ƙaramin ɗansa Nasiru ne ya rako shi, babban kuwa, Hamza, yana gida yana kula da iyali. Gona suka sayar suka zo. Malam Iro mutum ne mai barkwanci. Ranar farko ya dubi takalmana ya ce, "Ɗana, waɗannan na tafiya ne ko na tonon rogo?" Tun daga nan ba ya kirana da komai sai ɗana, kuma ba ya cin abinci sai an ajiye min nawa.

Bayan gwaje-gwaje muka shiga wurin babban likita, mu uku. Likitan ya daɗe yana duba hotuna, sannan ya cire tabarau ya dube ni, tun da ni ne mai jin maganarsa. Ya ce ciwon ya riga ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba. Ya ce a mai da shi gida tun yana iya hawa jirgi, a ba shi maganin rage zafi, ya ci abin da ransa yake so, ya zauna cikin 'ya'yansa.

Nasiru ya matso ya ce, "Malam, me ya ce?"

Ban yi dogon tunani ba, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro yanzu. Na ce, "Ya ce akwai sabon magani, amma sai an zauna wasu watanni ana ƙarin ruwa." Nasiru ya kama hannun likitan yana ta godiya da Hausa. Likitan ya zaci godiyar haƙuri ce, ya dafa kafaɗarsa ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri.

Akwai wani ɗan ƙaramin asibiti a bayan layinmu da nake hulɗa da mai shi. Can na riƙa kai dattijon ana ɗura masa ruwa mai launi, wanda ba ya kashewa ba ya warkarwa. Haya tana tafiya, kasona yana shigowa. Malam Iro kuwa jikinsa ya gaya masa gaskiya. Yakan zauna a baranda da hantsi, ya tambaye ni ta ina gida yake, in nuna masa, ya juya kujerarsa can. Wata rana ya ce da ɗansa, "Nasiru, ka kai ni gida. Ina so a sa ni kusa da mahaifina."

Nasiru ya durƙusa ya ce, "Baba, ka ƙara haƙuri. Likita ya ce saura kaɗan. Ko ba haka ba, Malam?"

Na ce haka ne.

Hamza yana kira daga gida yana faɗa, yana cewa a dawo musu da ubansu. Nasiru, wanda bai taɓa musu da yayansa ba, ya kafe ya ce ba zai katse magani ba. Ana haka lokacin hawa jirgi ya wuce. Rai ya yi halinsa a wannan ɗakin haya, aka binne Malam Iro a wata maƙabarta a bakin hamada. Ni na shirya jana'izar, kuma ko a nan sai da na ci wani abu. Da Nasiru zai tafi, ya ba ni hular mahaifinsa, ya ce Baba ne ya yi wasiyya a ba ni.

Bayan wani lokaci ya kira ni daga Najeriya, muryarsa a dashe. Ya ce Hamza ya hana shi shiga gida. Dangi sun yanke cewa shi ya riƙe Baba a Masar don ya ci kuɗin gona ya sha yawo, har mahaifiyarsu ba ta amsa gaisuwarsa. Ya ce, "Don Allah, Malam, ka yi wa Yaya magana. Kai ne ka ji da kunnenka." Na ce ba na jin sa sosai, zan kira. Washegari na canja layi, kuma na ci abincina ko a jikina.

Dubuna ta cika a shekara ta dubu biyu da goma sha uku, ba a kan Malam Iro ba. Wani ɗan Sudan ne ya kai ƙarar ɗan asibitin nan, aka zo bincike, mai shi ya ambaci sunana. Aka sami hatimin bogi a ɗakina, ga takardar zamana ta daɗe da mutuwa. Alƙali bai ɓata lokaci ba.

Ba zan tsaya ba ku labarin cunkoso da kwarkwata ba, kowane kurkuku yana da su. Abin da ya fi cin baƙo shi ne ranar ziyara, a kira kowa a bar ka. Wanda ya fara tura min kwanonsa wani Bamisire ne mai tumbi, muna ce masa Ammu Fathi, wato Kawu Fathi. Ba waliyyi ba ne. Yana minshari, yana maguɗi a wasan domino, kuma wannan ne ɗaurinsa na biyu. Na farko a Japan ya yi shi, inda ya je fataucin kayan gyaran mota, hannunsa ya faɗa kan na sata.

Ni kuwa na samu mai saurare, sai na buɗe masa karatuna: hukuma, kawuna, mai asibitin da ya tona ni. Kullum sai na maimaita. Rannan ya ajiye domino ya ce, "Ya ibni, ɗana, khalas, ya isa haka, na haddace. Kana da wani labari?"

Daga nan ya ba ni labarin wani abu da aka sa shi ya yi a kurkukun Japan, sunansa Naikan, ma'anarsa duban ciki. A killace maka lungu, ka zauna kai kaɗai daga safe har yamma, kwana da kwanaki. Ka ɗauki mutum guda, a fara da uwa, ka bi rayuwarka da ita daki-daki tun daga yarinta, kana yi wa kanka tambaya uku. Me na karɓa daga gare ta? Me na ba ta? Wace wahala na jawo mata? Lokaci-lokaci wani zai zo ya durƙusa ya ji abin da ka gano, ya yi godiya ya tafi. Ba ya wa'azi, ba ya lallashi.

Na yi dariya na ce ai wannan muhasaba ce, yi wa kai hisabi, muna da ita, na ma ci jarrabawa a kanta. Na fara jero masa abin da malamai suka ce. Ya ce tamam, da kyau, shi bai yi karatu ba, amma na taɓa zama na yi? Na ce to shi da ya yi, me ya dawo da shi nan? Ya shafa tumbinsa ya ce, "Ta riƙe ni shekaru. Da na daina sai na koma halina. Kamar wanka ne."

Na ce, "To ina ta huɗun? Wace wahala aka jawo min?"

Ya ce, "Babu ita. Wannan ka riga ka ƙware."

Don in kashe lokaci na yarda, ba don wani abu ba. Ya rataya bargonsa a kan igiyar shanya a kusurwar ɗakin, na shiga baya na zauna ina fuskantar bango. Sauran fursunoni suna ta tsokana, wai Baƙin Shehi ya shiga halwa.

Da farko ba abin da ya zo sai yunwa da ciwon baya. Da Ammu Fathi ya ɗaga bargo ya tambaya, na ce uwata ta haife ni, ta raine ni, ta yi min komai. Ya ce komai ba amsa ba ce, a Japan ba sa karɓar ta. Wace rana, wane abu, me ta sa a jikinta? Ya saki bargon.

Sannu a hankali abubuwa suka fara fitowa. Na tuna lokacin da na karye a ƙafa, na yi girman da ba a goyo, amma ta goya ni zuwa gidan mai ɗori, dugadugaina suna bugun gwiwoyinta. Na tuna yadda take tsayawa a bayan katangar makaranta idan zan yi jawabi, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma sai an tashi take tafiya. Na tuna yajin nan. Idanunta ba sa son barkono, tana daka tana hawaye, sannan ta bi gidajen matafiya tana roƙon a taho min da shi. Da na zo tambaya ta biyu na lalube rayuwata kaf, abin da na samu bai wuce mayafi ɗaya ba, shi ma na wata mara lafiya ne da ta manta a mota. Tambaya ta uku kuwa ba ta ƙarewa. Na yi kuka a bayan bargon nan, kukan da ban yi ba ranar da aka yanke min hukunci.

Bayan uwa muka bi mahaifina, malamaina, har kawun da nake zagi. Shi ma da na duba, a gidansa na ci abinci shekaru bayan rasuwar mahaifina. Gadon ya ci, wannan gaskiya ne, amma ba tambayarsa aka ba ni ba.

Malam Iro na yi ta kewaye shi. Ban taɓa ambatonsa ga kowa ba, kotu ma ba ta san da shi ba. Amma tsarin nan ba ya barin mutum ya tsallake, shekara tana bin shekara har ka iso inda kake gudu. Me na karɓa? Abincin da ake rufe min. Addu'ar da yake min bayan kowace salla, yana haɗa ni da 'ya'yansa. Sunan ɗana da yake kirana da shi. Hula. Me na ba shi? Na nuna masa ta inda gida yake. Wace wahala na jawo masa? A nan na gane cewa ba kuɗinsa kaɗai na ci ba. Na hana shi mutuwa a ɗakinsa, kuma na bar Nasiru yana ɗauke da laifina a gaban uwarsa.

Da Ammu Fathi ya ɗaga bargo na faɗa masa duka. Na so ya zage ni, ko ya ce Allah mai gafara ne, in sami abin riƙewa. Ya sunkuyar da kai kawai ya ce, "Na ji. Na gode." Haushi ya kama ni, na ce to yanzu me zan yi? Ya ce, "Ban sani ba, ni ɓarawon kayan mota ne. Amma dattijon ya tafi, yaron kuwa yana nan."

A shekara ta dubu biyu da goma sha biyar aka sake ni, daga kurkuku sai filin jirgi. Na fara zuwa Gusau na durƙusa gaban Innata. Abin da ya gudana tsakaninmu namu ne. Da na huta na ɗauki hular na hau motar Malumfashi. A hanya sau biyu na yi niyyar sauka, don na san za su iya kai ni ga hukuma, ko su yi min abin da ya fi haka, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Na sami Nasiru a bakin kasuwa yana auna hatsin wani, ya rame, yana haya a bayan gari. Da ya gan ni ya rungume ni, ya zaci na zo ne in yi masa shaida. Na ja shi gefe na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon mudun da ke hannunsa. Sannan ya ajiye ya ce, "Ba ni za ka faɗa wa ba. Taso."

Muka je gidansu. Hamza ya fito zaure, da ya ga ƙaninsa fuskarsa ta canja. Nasiru ya ce, "Yaya, ga tafintan Baba, ka saurare shi." Aka aika ciki, mahaifiyarsu ta zo ta tsaya a bayan ƙyaure. Na zauna a ƙasa na ajiye hular a gabana, na ba da labarin tun daga ɗakin likita, ban sa hukuma ko kawuna a ciki ba. Hamza ya miƙe ya yo kaina, na sunkuyar da kai ina jira.

Sai muryar tsohuwar ta fito daga bayan ƙyaure. Ta ce, "Hamza, zauna. Kai yaro, faɗa min abin da likitan ya ce. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na ce, "Ya ce ciwon ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba. A mai da shi gida tun yana iya hawa jirgi. A ba shi maganin rage zafi, ya ci abin da ransa yake so, ya zauna cikin 'ya'yansa."

Can ta ce, "Faten tsaki yake ta ambata min a waya. Da na yi masa."

Hamza ya dubi ƙaninsa, ya sunkuya ya ɗauki hular, ya ɗora masa a ka, ya kama hannunsa suka shige ciki. Ina jin kukan mata yana tashi a tsakar gida. Ni kuwa aka bar ni a zaure, ban san ko in tafi ko in zauna ba. Bayan wani lokaci Nasiru ya fito da kwanon sha, ya ajiye a gabana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Inna ta ce a ba baƙo ruwa. Ba ta ce ta yafe ba."

Na sha. Shi ma ya shiga cikin abin da na karɓa.

Yanzu ina koyar da yara Larabci a wata ƙaramar makaranta, kuma duk abin da na samu ina cire wani abu in aika Malumfashi. Suna karɓa, ba sa amsawa, kuma ban ga laifinsu ba. Na tuba ga Allah, ina fatan rahamarsa, amma haƙƙin mutane yana nan har sai masu shi sun sauke.

Ku ƙannena da kuke shirin tafiya karatu, ko kuna can yanzu ana kiranku ku raka mara lafiya, ku ji daga wanda ya gani. Ban fara da hana dattijo komawa gida ba, da ɗan ƙari a kan farashin magani na fara, kuma kullum ina da wanda zan ɗora wa laifi. Idan aka sa ku tsakanin mai magana da wanda ba ya ji, ku isar da maganar yadda aka ba ku ita, ko da mai ɗaci ce. Kada ku jira sai an rataya muku bargo a kurkuku. Ku sami lungu a ɗakinku, ku fara da uwayenku, ku yi tambayoyin nan uku, ku bar ta huɗun ta huta. Ni da na yi su da wuri, da Malam Iro yana kwance kusa da mahaifinsa. Yana can a bakin hamada, inda ba ɗansa ko ɗaya da zai iya zuwa ya tsaya a kansa, kuma ni na ajiye shi a wurin.